Ranar da Jannat Ta Buga Sama

Da 'yan Ireland suka kawo wasan ƙarshe na ƙwallonsu na gargajiya filin unguwarmu, Al Wukair, Baba ya zo kallon yayata Jannat, wadda ke buga wasa tare da su. Sharaɗinsa ɗaya: in ta ba shi kunya, khalas, shi ke nan, ta daina wasan.

Ana farawa ta cafe ƙwallo da hannu biyu, ta sheƙa da gudu.

Baba ya dafe kai. "Innalillahi! Da hannu? Alƙalin wasan makaho ne?"

Jannat ta buga, ƙwallo ta bi ta saman raga.

Baba ya miƙe ya ce mini, "Ta ɓarar! Tashi mu tafi."

Sai filin ya kaure da tafi. Wata Baturiya ta juyo tana dariya: "A wasanmu sama ma maki ne!"

Baba ya zauna a hankali, baki buɗe. Can ya ɗaga murya: "Jannatu, ƙara ɗagawa!"