Zangon Farko a Gidan Gembo

Na yi shekaru ina cika wa mutanen ƙauyenmu kunne da labarin tafiye-tafiyena. Ni na yi dakon gishiri da alfadarai har kudu tun kafin a fasa dutse a yi titi, ni na ƙetare mashigar dutsen Thrumshing La ƙanƙara na kai min gwiwa. Duk wanda ya taɓa zama kusa da ni a filin harbin kibiya ya ji wannan har ya haddace. Sai ga shi tafiyar da ta fi ba ni tsoro, zangonta na farko gidan maƙwabci ne, gonar masara kawai ta raba mu.

Yanar ido ce ta rufe min ido biyu. Da farko na ɗora wa gajimare laifi, tunda a nan har tsakar gida yake shigowa. Ranar da na rusuna na gai da kututturen itace ina zaton lama ne, wato malamin addininmu, sai matata Norzom ta yi wa 'yarmu Lhaden waya a Thimphu, babban birni. Lhaden ta nemo likitan da zai cire yanar, ta kama kujera a motar da ke zuwa can.

Norzom ta kai ranar wurin mai lissafin ranaku, ya duba ya girgiza kai. Ranar tashin motar ba ta dace da shekarar haihuwata ba. Maganin kuwa kowa ya san shi: mutum ya ɗauki kayansa ya fita a rana mai kyau kamar ya tafi, ya sauka gidan wani har motar ta zo. Amma ba zai sake taka ƙofar gidansa ba, in ya taka tafiyar ta ɓaci.

Da safen da zan fita, Norzom tana ɗaure min jaka ta ce, "Zan bi ka."

"Ki bi ni ki yi min me?"

"In riƙe maka hannu a tasha. Jiya gishiri ka zuba a shinkafar kare."

Maganar ta sosa min inda ba na so, bakina kuma ya riga hankalina. Na ce, "Na yi tafiya kafin in san ki, zan kuma yi ba ke. Ban taɓa ganin abin da kika tsinana min a hanya ba."

Ta ja igiyar jakar, ta miƙo min sanda. Na fita ina taku irin na manyan matafiya, na faɗa lambatun gona, na tashi na kakkaɓe riga na ci gaba.

Gembo, maƙwabcin da na sauka gidansa, taubashina ne, tun muna yara ba mu taɓa raga wa juna ba. Ya tarbe ni a bakin tsani.

"Sannu da hanya, Cheten. Ka sha nisa. Ya ka baro mutanen can? Ana ruwa kuwa?"

Ya kawo shayin man shanu, na rufe baki da hannu na ce a bari, yadda baƙo mai kunya yake yi kafin a sake miƙo masa. Gembo ya ce, "To, tunda ka ƙoshi," ya shanye a gabana.

Ƙauye kuwa duk suka shiga wasan. Mutum zai wuce ina zaune ina shan hantsi, ya tambayi Gembo ko an ji labarin Cheten. Gembo ya ce ai ya sauka lafiya, sai dai masu masaukinsa suna kukan yawan cinsa. Ina dariya tare da su, amma ta baki ce kawai. Tsoro nake ji. Ban taɓa kwanciya a gadon asibiti ba, kuma abin da ya fi wuƙar likita damuna shi ne in tafi ban dawo ba, maganar ƙarshe da na bar wa Norzom ta zama waccan.

Kullum da safe ina jin muryarta tana kiran shanu, ina jin ƙamshin ganyen turaren da take ƙonawa a bakin ƙofa. Ni ba ni da ikon komawa, ita kuma ba ta leƙo ba. Na je bakin gona na yi ta gyaran murya har maƙogwarona ya yi zafi, saniya ce kawai ta amsa.

Na ce wa Gembo, "Ka ɗan leƙa can mana."

"In ce mata me?"

Na nemi hanyar da ba za ta zubar min da girma ba. "Ka ce ta manta ba ta sa min safa ba."

Ya je ya dawo ya jefo min safa a cinya. Na tambaye shi me ta ce. Ya ce, "Ta ce ga safa."

Ana gobe motar za ta zo, da la'asar ina zaune bakin murhu, na ji taku a kan tsani. Ba na bukatar ido in gane shi, ƙafar hagu tana ɗan ja. Ta shigo ta zauna, kusa da ni har ina jin warin hayaƙin kicin ɗinmu a jikin zanenta, amma Gembo ta gaisar.

"Yaya Gembo, an ji labarin mutumin nan kuwa?"

"An ji. Yana can yana ba mutane labarin alfadarai."

"In kun yi waya, ka ce masa shanu lafiya, masara lafiya, rufin ma bai faɗo ba." Ta gyara zama. "Ka ce masa ban iya awon shinkafar mutum ɗaya ba. Kullum sai ta yi saura, kare har ya fara tumbi."

Gembo ya juyo ya maimaita min kalma-kalma, yana ɗaga murya kamar mai magana da wanda ke bayan dutse. Na so in maka masa sanda.

"Akwai saura," in ji ta, muryarta ta yi ƙasa. "Ka ce masa in an buɗe masa ido kada ya firgita. Matar da yake tunawa ta tsufa tun da ya daina gani sosai. Ba wanda ya faɗa masa."

Wannan karon Gembo bai maimaita ba. Ni kuwa na daɗe ina shirya jawabi, mai kai da ƙafa, wanda zai nemi afuwa ba tare da an gane afuwa ake nema ba. Mutumin da ya cika ƙauye da surutu ya zauna yana murza safa.

"Gembo," na ce da ƙyar, "ka ce mata ƙarya na yi." Na ajiye safar. "Ka ce mata tsoro nake ji. Ban san yadda zan sauka daga motar nan ni kaɗai ba."

Gembo ya faɗa mata, a hankali, ba wasa a ciki. Na ji hannunta ya kama hannun rigata yana gyara farin naɗin bakinsa da na karkata.

"Ka ce masa na sani," in ji ta. "Ka ce masa kujera biyu Lhaden ta kama tun farko. Duk ƙauyen nan shi kaɗai ne bai sani ba."

Gembo ya ja numfashi zai isar da saƙo, na ce masa ya bari, na ji.