Busasshen Layi a Jikin Tanki

Ni ba na rubuta manhajar da take duba tankuna. Abin da nake rubutawa shi ne manhajar da take rubuta waccan manhajar. Sau uku ina yi wa matata wannan bayani. A na ukun ta ce in dai an tambaye ta, za ta ci gaba da cewa gyaran kwamfuta nake yi.

Ga yadda abin yake. A masana'antarmu ana yanka farantan ƙarfe, wani mai kusurwa biyar, wani bakwai, a haɗa su da walda su zama tanki. Kafin tanki ya fita, akwai na'ura mai dogon hannu da take bin jikinsa ɗigo-ɗigo, tana tura sauti cikin ƙarfen tana sauraren abin da ya dawo. In akwai tsaga a ɓoye, sai ta yi ƙara. Amma na'ura ba ta san hanya ba sai an gaya mata: fara nan, bi layin nan har ƙarshe, sauka na ƙasa, maimaita. Wannan umarnin muke kira zagaye. Da farantan masu kusurwa huɗu ne, da ko Manaja ya rubuta da kansa. Amma mai kusurwa bakwai, kowane layi da inda yake farawa da inda yake tsayawa. Shi ne na gina abin da za ka ba shi iyakokin siffa, ya zazzago maka zagaye cikin zagaye, shafi arba'in, ba ya tsallake ɗigo, ba ya maimaita ɗigo. Haka dai na rubuta a takardar bayaninsa. Shafukan da yake fitarwa kuwa ba mai karanta su, har ni.

Yayana shi ne babban mai walda a wurin, shi ne ma ya samo min aikin. Shekarata arba'in da takwas, ga furfura, ga tumbi, ga 'ya a jami'a, amma a bakinsa har yau Auta ne ni, kuma a gaban ma'aikata yake faɗa.

Ranar, wajen ƙarfe goma na safe, muna shan shayi a benci kusa da sabon tankin da na'ura ta gama dubawa. Yaya ya nuna shi da kofi.

"Auta, na'urar nan taka fa ta fi ka tarbiyya."

"Da aka yi yaya?"

"Kunyar aikina take ji. In ta zo daf da ɗinkina sai ta ɗage ƙafa ta tsallaka. Na daɗe ina lura da ita. Ƙarfe ma ya san manya, kai ne dai ba ka sani ba."

Ɗinki yake ce wa inda walda ta haɗa faranti biyu. Aka yi dariya, na taya su, don ni gwani ne wajen dariyar abin da ban gane ba. Sai da na kurɓi shayi sau biyu sannan maganar ta sauka cikina.

Na tashi kamar mai miƙe ƙafa na zagaya bayan tankin. Na'urar tana shafa wani ruwa mai yauƙi duk inda ta taka, don sautin ya shiga ƙarfe. Jikin tankin duk ya jiƙe, yana ƙyalli. Amma a kan kowane ɗinki akwai busasshen layi, faɗinsa bai wuce ɗan yatsa ba. Na shafa. Ƙura ta biyo hannuna.

Nan na tuna. Wata goma sha ɗaya da suka wuce Manaja ya yi ƙorafi cewa na'ura tana bin gefen faranti sau biyu, tana cin lokaci. Gaskiya ce: gefen da faranti biyu suka haɗu, na wannan ne kuma na wancan ne, kowane zagaye yana binsa. Na ce ai wannan aikin minti biyar ne. Inda doka ta ce "har zuwa iyaka", na mayar da ita "kafin iyaka". Abin da ban tsaya na yi tunani ba shi ne dokar nan kowane faranti take hawa. Na dama ya bar wa na hagu gefen, na hagu ya bar wa na dama, kamar 'yan'uwa biyu da kowa yake zaton ɗayan ya je duba gwaggo a asibiti. Na kuma rubuta gwaji mai ƙirga ɗigon da aka taka sau biyu. Gwajin ya ce babu ko ɗaya. Manaja har da dafa min kafaɗa. Garin neman gira na rasa ido, aka kuma yaba min.

Na kuwa san abin da ke gaba. Ƙarfe goma da rabi za a hura wa tankin iska. Irin wannan tankin ba a gwada shi da ruwa, cikinsa ba ya son laima, kuma ba a yarda a matsa masa iska sai na'ura ta ce lafiya yake. Ta kuwa ce. Da an fara hura iskar, kowa yana komawa bayan jan layin da aka shata a ƙasa, ban da mutum ɗaya. Shi yake zuwa da bokitin ruwan sabulu da buroshi, yana shafa ɗinki yana neman kumfa, fuskarsa kamar zai sumbaci ƙarfen. Yaya bai taɓa bar wa kowa wannan aikin ba.

Da jarumi ne ni, da a nan na buɗe baki. Sai na tafi ofis wai in tabbatar. A hanya zuciyata tana ta yi min lauya: shekara talatin Yaya yana walda, ɗinkinsa bai taɓa buɗewa ba, bari a gama na yau, ka gyara a hankali, ba wanda zai sani. Na zauna, na buɗe shafukan nan arba'in, karo na farko a rayuwata. Garin sauri na rufe su da kuskure, na sake buɗewa. Ga shi nan a shafi na shida, ga shi a na tara, ga shi a na sha huɗu. Kowane zagaye yana tsayawa saura taku ɗaya.

Sai na ji injin iska ya tashi.

Rabona da gudu tun ina ɗalibi. Takalmina ɗaya ya tsaya a bakin ofis, ban koma masa ba. Da na iso, ma'aikata sun jeru bayan jan layi, allurar ma'aunin iska ta wuce rabi, Yaya ya tsuguna jikin tankin yana tsoma buroshi. Na kira shi, ƙarar injin ta haɗiye muryata. Na tsaya a kan layin nan, ƙafata ta ƙi. Ina ganin ɗigon sabulu yana gangarowa a kan ɗinki, ina ganin ƙeyar Yaya da tabon da na yi masa da dutse muna yara. Tankin ya yi wani ɗan sauti, ƙas, irin na kwanon rufi in rana ta buga shi. Wataƙila kullum yana yi. Ban taɓa tsayawa kusa na ji ba.

Na tsallaka. Na damƙi kafaɗarsa.

"Kai, Auta! Ka haukace? Koma bayan layi!"

"Yaya, taso. Na'urar ba ta duba ɗinkin ba."

"Me?"

"Ba ta duba ko ɗaya ba! Ba kunya ba ce, ni ne na ɓata ta!"

Ya dube ni, ya dubi ƙafata mara takalmi. Ya ɗaga hannu aka kashe injin, wurin ya yi tsit. Amma iskar tana ciki, kuma bawul, wato famfon sakin ta, a jikin tankin yake, ba a kuma buɗe shi farat ɗaya.

"Tafi," in ji shi.

"Ba inda za ni."

"To riƙe bokitin, ka daina karkarwa a banza."

Na riƙe. Yana murɗa bawul kaɗan-kaɗan, iska tana fita da huci, ruwan bokitin yana fantsama a wandona. Minti bakwai aka ce min daga baya. Ni dai na karanta duk addu'ar da na sani, na shiga maimaici.

Da allura ta kwanta, Manaja ya zo yana tambayar wa ya tsayar masa da aiki. Na yi masa bayani a tsaye, a gaban kowa, da ƙafa ɗaya a siminti. Gyaran bai ɗauki minti biyar ba, kamar dai ɓarnar. Na ce gefe na farantin da ya fara zuwa ne, na sa manhaja ta zazzago sabon zagaye, wannan karon na ƙirga har ɗigon da ba a taka ba.

Hannun na'ura ya sauko, ya hau ɗinkin farko. Shiru. Na biyu, shiru. Har na fara jin kunyar gudun da na yi. A tsakiyar na uku ta yi ƙara. Ta matsa ɗigo ɗaya ta sake yi, ta sake, ta sake, tsawon tafin hannu. Daidai inda kumfar sabulun Yaya take bushewa.

Yaya ya daɗe yana kallon wurin. Ya cire safar hannunsa ya ɗora yatsa a kai.

"Nawa ne wannan," ya ce a hankali. "Ni na yi shi."

Manaja ya juyo gare ni, muryarsa ba faɗa a ciki, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Tun yaushe?"

"Wata goma sha ɗaya."

Na ga leɓɓansa suna motsi, yana ƙirge. Tankuna ashirin da uku suka fita a wannan tsakanin, kowanne yana wani wuri cike da abin da aka zuba masa, mutane suna wucewa ta gefensa. Ya ciro waya ya nemo lambar waɗanda suka karɓi na farko, ya buɗe murya don mu ji. Ta shiga. Mu uku muka sunkuya a kanta, tana ta ƙara, tana ta ƙara, ba a ɗauka ba.