Jar Ƙwaya

Madam Sahiya tana taɓa hannun yaron ya tsandara ihu, har matan da ke jira a baranda suka leƙo. Yatsun Idrissa sun kumbura sun yi suntum, ƙafafun ma haka. Fadila ta gyara masa zama a cinyarta. Da safe ta shigo mota daga Malbaza zuwa asibitin Ƙonni, a tunaninta maganin zazzaɓi kawai za ta karɓa ta koma.

"Jinin da muka ɗiba ya nuna," in ji Madam Sahiya, malamar asibitin. "Amosanin jini ne, emasi. Kin san shi?"

Ta san shi. Shi ya ɗauke mata Labbo, ɗanta na fari, bayan ya gama cinye masa ƙasusuwa da ciwo.

"A'a Madam, an yi kuskure," ta ce a hankali. "Na farin ya riga ya ɗauka."

Ko yanzu da yake cikin ƙasa, bakinta ba ya iya kama sunansa. Ɗan fari ne.

"Ya ɗauki mi?"

"Sa'ad da ya rasu, likita ya ce ni da maigida kowa na da rabin ciwon cikin jini, amma mu ba ya taɓa mu. Ya ce cikin ɗiya huɗu, guda ke haɗa rabin nan biyu. To gudan ya fita. Ga Amina can gida, ko ciwon kai ba ta yi. Saura biyu masu lafiya, wanga da wani."

Da wannan lissafin ta riƙe aurenta. Bayan rasuwar, mijinta Rabi'u, direban motar siminti, ya zauna bakin gado ya ce su rabu cikin mutunci, shi ba zai iya sake ɗaukar ƙaramar gawa ba. Ita ta ƙirga masa da yatsu. Ta ce yaron ya ɗauke wa ƙannensa ne, ya tafi da shi. Rabi'u ya yi kuka, ya yarda. Tun daga ranar, duk lokacin da kewar Labbo ta taso mata, da wannan take kwantar da ita.

Madam Sahiya ta daɗe tana kallon ta. Sannan ta jawo kofin roba, ta zuba ƙwayoyin magani uku farare, da ja guda ɗaya, irin ta ƙarin jini da ake ba masu ciki. Ta tsamo jar ta sa wa Fadila a tafin hannu.

"Wagga ita ce na farinki. Ke kin aza ta fita ke nan, sauran farare, ko?"

"I."

"To mayar da ita cikin kofi."

"In mayar?"

"Mayar, 'yar'uwa. Haka abin yake. Kowane ciki, ke ki ba da rabi, shi ya ba da rabi, sai a sake girgiza kofin da jar a ciki. Ciki bai san wanda ya riga shi ba. Wata ta haifi biyar ba ta ɗauko ta ba, wata ta ɗauko ta sau uku a jere."

Fadila ta dubi ƙwayar. Idrissa ya gaji da kuka, sai ajiyar zuciya yake yi.

"Ke nan bai ɗauke ma kowa komi ba?"

"Bai ɗauke ba."

"Haka nan dai ya sha wahala."

Idon Madam Sahiya ya sauka a kan yadda Fadila ta ɗaura zane sama da cibiya.

"Akwai wani cikin ne?"

Fadila ta sunkuyar da kai.

Aka ba su gado, aka ɗaura wa yaron ruwa. Ana cikin haka wayarta ta yi ƙara. Rabi'u ne, ana jin rurin injin mota a bayansa.

"Uwar Amina, yaya jikin Idrissa? Zazzaɓi ne ko?"

Kalma ɗaya ce, i, kuma za ta ishe su zuwa wani lokaci. Ta dubi yatsun yaron.

"In ka sauke kaya, ka biyo ta asibiti."

Injin ya ci gaba da ruri. Can Rabi'u ya ce to, ya kashe wayar.

Daga ɗakin gaba ta jiyo Madam Sahiya tana tambayar wa ya ga ƙwaya guda da ta ɓata daga teburinta. Ƙwayar tana nan cikin hannun Fadila a damƙe, gumi ya narkar da ita, tafin hannun ya yi jawur.