Gadajen Aro

Ni dai ba na shiga harkar mutane, amma katangar da ta raba ni da tsohon gidan su Onarabul gajera ce, kunnuwana kuma sun ƙi tsufa tare da ni.

Onarabul ɗan majalisar jiharmu ne. Na san shi tun yana yawo da majina. Wansa, wanda muke kira Malam Lissafi, shi ya ɗauki nauyin karatunsa, kafin ciwon ƙwaƙwalwa ya raba shi da aji. Tun daga nan yake ɗakin baya, yana cika bango da lambobi da gawayi, ba ya barci, matarsa Tela tana riƙe da shi da abin da keken ɗinkinta ya samo. Burinta ɗaya ne a duniya: a kwantar da mijinta inda likita zai duba shi. Onarabul kuwa tuni ya koma unguwar masu dogon get.

Kada in ci haƙƙinsa, ya yi faɗa. Shi ya kai ƙudurin a ɗora haraji kan lemon kwalba da sigari, a gina wa masu taɓin hankali asibitinsu. Masu shaguna suka tsine masa, abokansa na majalisa suka sa masa suna Sarkin Mahaukata, bai fasa ba. Kullum yana rediyo yana cewa, "Mai wannan ciwo ɗan'uwanmu ne." Ni kuwa in ce wa rediyon, naka dai ga shi nan bayan katangata.

Doka ta wuce, lemo ya yi tsada, gini ya tashi aka shafa masa fenti ruwan ɗorawa.

Ana gobe buɗewa sai ga Onarabul da kansa, da mai aski, da sabon kaftani a leda. Na ɗauko kujera na zauna gindin katanga ina tsince shinkafar da na riga na tsince.

"Auta, ka ɓata hanya ne?" in ji Malam. A ranar, da sauƙi ya tashi.

"Yaya, gado na samo maka. Gobe za ka kwanta."

"Da likita?" Tela ta tambaya.

"Matar Yaya, ke dai akwai gaggawa. Komai na tafe."

"Na ga gaggawa. Furfura ta fito mini ina jiranka."

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Amma da ya tafi na ji tana waƙa tana haɗa jaka.

Washegari na bi su, don abin da ido ya gani ya fi daɗin faɗi. Ɗaki fes, gadaje a jere, zanuwa farare. Sai dai ƙafafun gadajen duk tsatsa, na ce a raina, gini sabo, gado da jikoki. Aka kwantar da Malam a na farko. Masu hoto suka rufe shi. Onarabul ya riƙe hannunsa ya ce wa duniya, "Wannan yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya." Har da hawaye, kuma na rantse na gaske ne. Aka yi tafi, manya suka shiga motocinsu.

Malam kuwa ya yi barci. Barci na sosai, baki buɗe. Tela ta zauna tana yi masa fifita, ta ce mini, "Goggo, rabon da in ga haka har na manta."

Kafin la'asar babbar mota ta tsaya a ƙofa. Leburori suka shigo suka fara kwasar gadaje.

"Mama, a tashe shi," in ji babbansu. "Gadajen na ɗakin haihuwa ne, aro aka yi daga babban asibiti. Tun jiya mata na kwance a tabarma."

Tela ta kira Onarabul a waya. Na matsa kusa, don kada ta ji ita kaɗai. Ya ce harajin ya shiga babban asusu, ba a sako ba tukuna, yana nan yana bi, a yi haƙuri zuwa baɗi.

"To me ya sa ka aske shi?" ta ce. Sai wayar ta mutu.

Malam ya farka ya damƙe ƙarfen gadon da hannu biyu. Leburorin suka tsaya cirko-cirko, ba mai son fara taɓa shi. Can ya dubi babbansu.

"Masu haihuwa ka ce?"

"Su ne, Baba."

Ya saki ƙarfen. Ya sauko, ya ninke zanin gadon da kyau, ya miƙa masa. Muka dawo gida a motar haya, jakar tana kan cinyar Tela, ba a ko buɗe ta ba.

Yanzu a bakin titinmu akwai ƙaton allo: Onarabul ya sunkuya, Malam kwance cikin farin zani, fuskarsa a sake. In ya sami sauƙi yakan fito ya tsaya ya daɗe yana kallon mutumin nan mai barci. Baɗin ta zo ta wuce. Akuyoyi ne ke kwana a barandar ginin, lemo kuma bai sauko ba.