Giɓi a Bakin Filaya

Shekara ashirin da shida Ma'aruf ya yi yana jan babbar mota daga Illela. Yakan ɗauki albasa ko wake ya tsallaka Ƙonni, wani lokaci har Tawa, wani lokaci kuma ya yi kudu. Ciwon bai same shi a kan hanya ba. Yana alwalar azahar a tsakar gida buta ta suɓuce daga hannunsa na dama, ya sunkuya zai ɗauka, sai ya ji ƙafar ma kamar ba tasa ba. Sati uku ya yi a asibiti a Sakkwato. Aka sallamo shi yana jan ƙafa, bakin da ya karkace ya koma daidai, amma hannun ya ƙi. Yatsun suna motsi, sai dai ba su riƙe abu. Ko cokali ya ɗauka sai ya yi ta rawa har ya zubar da abin da ke ciki.

Likita ta ba shi ƙwallon roba, ta ce ya riƙa matsawa safe da yamma. Ya matsa kwana biyu ya jefa ƙarƙashin gado. Matarsa Kaltume ta ciro ta mayar masa, ya sake jefawa. Ya daina fita ko ƙofar gida. Direbobin tasha suka yi ta zuwa dubiya, yana sa a ce musu yana barci, don ba ya son mutanen da suka san shi da ƙarfinsa su gan shi ana saka masa maɓallin riga.

Ƙanensa Nu'man ɗan kasuwa ne, yana sauke kayan gwanjo. Wata rana yana kwance dila ya ci karo da wani kwali mai hoton babbar mota a jiki. Ya buɗe bai ga mota ba, sai firam-firam na roba guda tara, kowanne da ƙananan abubuwa manne a jiki, da takarda mai zane da lambobi, da 'yar kwalbar gam, da wata ƙaramar filaya mai shuɗin hannu wadda aka rufe bakinta da murfi. Ya kawo wa yayansa don kawai ya ga hoton.

"Yaya, dibi wanga abu. Mota ce, amma ba a haɗa ta ba."

Ma'aruf ya karɓa da hagu ba tare da wata sha'awa ba. Amma da ya ɗaga firam ɗaya wajen haske, sai ya ƙura masa ido. Ga lagireto, bai kai faɗin farcen babban yatsa biyu ba. Ga farfela, ga salansa, ga sifirin, har da ganyensa a jere. Duk abin da ya sha kwanciya a ƙarƙashinsa a gefen titi yana nan, babu wanda aka manta. Ya ce Nu'man ya bar masa kwalin.

Washegari da hantsi ya sa Kaltume ta shimfiɗa masa tabarma a inuwar darbejiya, ta kife masa faranti a gaba. Ya fara da hagu, ya ga hagun ba ta san hanya ba, ya mayar da filayar hannun dama ya danna yatsun da ɗaya hannun har suka rufe a kanta. Filayar tana da ɗan sifirin da yake buɗe ta da kanta, nasa kawai matsawa. Yankan farko ya ɗauke shi kusan minti biyar. Abin ya fita da wani farin tabo a inda aka yanka, na biyu kuma, mariƙin madubin gefe, ya karye gida biyu. Ya zauna yana kallon guntayen, gumi na bin wuyansa. Kaltume ta ce ya huta haka nan. Ya ce ba gajiya ya yi ba.

A cikin kwana goma ya gane halin filayar. Bakinta ɓangare ɗaya shafaffe ne, ɗaya kuma mai gangara, kuma shafaffen ne ake jingina wa abin da ake son cirewa. Ya gane ba a yanka sau ɗaya: da farko a yanke nesa kaɗan, abin ya rabu da firam, sannan a dawo a share ɗan guntun da ya rage, a hankali. Idan ya yi haka babu farin tabo. Da ya gama na ranar sai ya goge bakin da tsumma, ya ɗiga mata man keken ɗinkin Kaltume a gaɓa, ya mayar da murfi, ya sa a aljihun gaba. Da yamma hannun kan yi masa zugi har gwiwa, ta gasa masa da ruwan zafi. Shasi ya haɗu, inji ya zauna a mazauninsa, tayoyin baya suka shiga.

Kuskuren shi ya yi da kansa. Ƙarfen da ke riƙe madubin nan da ya karya tun farko ya tsaya masa a rai, sai ya yi niyyar yin wani da waya. Ya samo guntuwar waya a cikin tsofaffin kayan motarsa, ya sa ta a bakin filayar ya matsa da hannu biyu. Ya ji ƙas. Wayar ta yanke, amma da ya duba sai ga ɗan giɓi kusa da tsinin bakin, kamar ƙwayar gero. Ya gwada a roba, sai ta tauna ta bar zare-zare.

Ranar bai ci tuwon kirki ba. Nu'man ya zo ya duba, ya ce zai tambaya a Sakkwato ko za a sami irinta, ko da yake bai taɓa ganin ana sayarwa ba. Kaltume ta kawo almakashinta da reza, ya gwada duka, almakashi ya yi girma, reza kuma tana bukatar hannun da ba ya rawa. Sai Kaltume ta ambaci Maccido wanzami, wanda yake zama a rumfa daf da tasha, wanda ya shekara da shekaru yana yi wa Ma'aruf aski. Ta ce a ba Nu'man ya kai masa ya wasa.

Ma'aruf ya ce a'a. Wanda bai taɓa yanka da ita ba, ba zai iya bayanin yadda take ci ba, kuma idan aka wasa ta ta shafaffen ɓangaren, bakin ba zai ƙara haɗuwa ba har abada. Ya ce a miƙo masa sanda da hularsa.

"Kai kaɗai za ka tahi, Malam?" in ji Kaltume.

"Ni na ɓata ta, ni za ni kai ta."

Tafiyar da a da bai ɗauke ta a bakin komai ba, ranar sai da ya tsaya sau huɗu. Ranar Lahadi ce, kasuwa ta cika, ga masu raƙuma, ga 'yan canjin sefa a kan benci, ga babura suna kutsawa. Wani kwandasta ya hango shi ya kira sunansa, kafin ya kai rumfar wanzamin, mutum biyar sun kewaye shi suna yi masa barka da arziki. Ya lura duk suna kallon hannun sannan su ɗauke ido. Ya ciro shi daga cikin riga ya miƙa musu, suka gaisa da shi ɗaya bayan ɗaya.

Maccido ya matsa masa a tabarma, ya karɓi filayar ya juya ta a rana, ya shafa bakin da farce. Ya ce ƙarfen mai kyau ne amma siriri, giɓin ba zai fita duka ba sai an cinye rabin bakin. Ya ɗauko dutsen da yake wasa aska, ya ɗiga masa ruwa, zai fara.

"Tsaya," in ji Ma'aruf. "Gwada mini, ni in yi."

Maccido ya dubi hannun, ya dube shi.

"Da wanga hannu?"

"Ba ni da wani."

Wanzamin ya ajiye dutsen a gaban Ma'aruf. Ya dafa dutsen da ƙafa don kada ya motsa, ya kama wuyan hannun Ma'aruf ya nuna masa yadda zai kwantar da gangaren bakin, ya ja sau uku tare da shi, sannan ya saki. Ma'aruf ya ci gaba. Hannun ya goce, ya dawo da shi. Ya sake gocewa. Mutum biyu suka zo aski, Maccido ya yi musu ya gama, shi yana nan yana ja. Da aka kira la'asar ya tashi ya bi jama'a masallacin tasha, ya yi salla a zaune a ƙarshen sahu, ya dawo kan dutsen.

Giɓin bai fita duka ba, kamar yadda Maccido ya faɗa. Amma kaifin da ya lanƙwashe ya miƙe, daga tsakiya zuwa gindi bakin ya haɗu ba ko haske. Ma'aruf ya ciro guntun firam daga aljihu ya yanka a nan, ya fita sumul. Tsinin kuwa ya tashi aiki, dole ya koyi shigar da bakin ciki sosai kafin ya matsa.

Wani direba mai suna Sufyanu, wanda suka sha yin ayari zuwa Tawa, ya tambaye shi mi yake yi da guntun roba haka. Ya ce mota yake haɗawa, saura kai da bodi. Sufyanu ya yi dariya, ya ce sai ya gani da idonsa. Ma'aruf ya ce ya zo ranar Laraba da hantsi, kuma ya taho da ragowar shuɗin fenti idan yana da shi. Sufyanu ya ce zai kai shi gida a babur. Ma'aruf ya yi godiya, ya ce da ƙafa ya zo. Ya goge filayar da bakin rigarsa, ya rufe ta, ya dogara sandarsa ya miƙe.