Kwalabe Uku daga Maraɗi

Illo ya dawo daga yaƙin Bama da ƙarfe a cinya, gyambon kuma ya ƙi daina mugunya. Wani likitan Faransa a Maraɗi ya ba shi kwalabe uku na magani, ya riƙa ɗigawa a gyambon. Ya ce ruwan na da rai, ƙananan halittu ne masu cinye ƙwayoyin cuta. In suka kasa, sai yanke ƙafa.

A garinsu Tsamaye, dawowarsa daga masallaci, ya iske Inna ta juye biyu a tukunya suna tafasa.

"Inna, kin kashe su!"

"Wa ka shan magani ɗanye, ɗan nan?"

Ta zuba a ƙwarya ta miƙa masa. Ya karɓi ƙwaryar ya shanye don kada ranta ya ɓaci, sannan ya buɗe ta ukun, bai sani ba ko za ta isa.