Kular Ba-Komai

Duk layin shagunan ba wanda ya san shi da wani suna sai Ba-Komai. Mai gyaran takalmi ne, kuma bakinsa ne ya ja masa sunan. Ruwan sama ya shiga shago ya jiƙa fatu, ba komai. Basilla ta huda masa hannu, ba komai. Ranar da likita ta gaya masa ciwon suga ya yi nisa a jikinsa, kuma ɗan gyambon da ke babban yatsan ƙafarsa in bai warke ba yatsan zai tafi, sai ya washe baki ya ce, "Ba komai, likita, da sauƙi." Mutane suna yaba masa wannan hali, wai mutum ne mai ƙarfin zuciya. Matarsa, Maman 'Yan Biyu, da ta shekara ashirin da shida tana wanke masa safa, ita ta san gaskiyar abin. Matsoraci ne kawai da ya iya murmushi.

Ita ce ta karɓi takardar da likita ta rubuta, domin da a hannunsa aka bar ta da tuni ya naɗe ƙusoshi da ita. Ta manna ta a jikin bangon kicin, saitin risho. Ba sukari. Man girki cokali ɗaya. Gishiri abin da yatsa biyu suka ɗauka, tunda hawan jini ma ya biyo sahu. Farar shinkafa da burodi sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ta daɗe tana kallon takardar nan kamar sammaci, domin ita mace ce mai hannun mai. A gidansu in mai bai taso saman tukunya ba, ba a ce an yi girki ba.

Satin farko kam abin bai ciwu ba, ita da kanta ta sani. Dafaffen kabeji salam, wake kamar an jiƙa kwali. Amma ba ta yarda tukunya ta kunyata ta ba. Ta koyi gasa kifi maimakon soyawa. Ta gano cewa in aka bar albasa ta yi laushi a hankali a kan ƙaramar wuta, zaƙinta kaɗai ya isa. Ta gano lemon tsami na rufe bakin rashin gishiri, tafarnuwa kuma na tashin wake daga barci. Tun 'yan biyun suna gida ba ta taɓa ba girki hankalinta haka ba. Yanzu da suka tafi karatu, gidan ya rage daga ita sai shi sai wannan yatsa, wanda take wankewa da ruwan ɗumi kullum da safe ta naɗe da bandeji, shi kuwa yana ba ta labarin ƙwallo.

Kullum ƙarfe bakwai da rabi yake fita da kula shuɗiya mai hawa biyu. Da yamma ya dawo da ita tas, ko ƙwayar wake babu. Tana karɓa sai ta tambaya, "Yaya na yau?"

Kuma abin mamaki, mutumin da a da ko me aka zuba masa sai dai ya ce ya yi, ya koma mai sharhi. "Waken bai gama nuna ba." "Kifin jiya ya fi na yau." "A ɗan rage tsamin." Wata rana ya ce, "A ƙara citta."

Ta tsaya da kula a hannu. "Citta? Kai?"

"E mana, tana da daɗi."

Mutumin da ko a shayi ya ji ƙamshin citta sai ya ture kofi. Amma ta ce a ranta ai ciwo na canza harshe, ta ƙara. Ya ce a ƙara kuma, ta sake ƙarawa. Har wani daɗi take ji, wai a tsufansu ne mijinta ya fara kula da abin da hannunta ke yi. Da safe shayi ba sukari kawai yake kurɓa, da yamma kuwa ya ce na rana ya riƙe shi, ya ɗan tsakuri ƙwai ya tashi. Ta ɗauka kamun kai ne. Har addu'a take masa.

Sai dai na'urar asibiti ba ta san kara ba. Kowane wata suka je, lambar sugan ta hau maimakon ta sauka, gyambon kuma ya ƙara faɗi, gefensa ya fara duhu. Likitar, wata 'yar siririya da ba ta girmi 'yan biyu da yawa ba, sai ta zare tabarau ta dube ta, ita, ba shi ba.

"Mama, tsakani da Allah me kike ba shi? In ba ki gyara girkinki ba, ke za ki yanke masa yatsan nan da hannunki."

Shi kuwa yana zaune a gefe yana murmushi. "Ba komai, likita, tana ƙoƙari."

Tana ƙoƙari! Ranar da suka koma gida ta shiga kicin ta rufe ƙofa ta yi kuka mai isarta, sannan ta share ido ta rage cokalin man nan ya koma rabi. Haka aka yi wata huɗu.

Wata Alhamis da la'asar aka yi sallama. Matar mai yankan makulli ce, wanda shagonsa ke manne da na Ba-Komai. Sun san juna sama-sama. Ta shigo da ƙwai a leda da wani ɗan littafi da biro, tana ta fara'a.

"Yaya, godiya na zo yi, kuma na zo koyo. Wallahi kin gyara min miji."

"Ni? Wane mijin?"

"Nawa mana! Ba ki gan shi ba kwana biyu? Tumbin nan ya tafi. Sau biyu ana ƙara wa bel ɗinsa huda, maigidanki ne ma ya huda masa. Munshari ya daina, benen gidanmu da yake hawa yana haki yanzu a guje yake hawa. Ni har na tsorata, na ce ko wani ciwon ne. Jiya na titsiye shi, shi ne ya ce ai abincinki ne. Don Allah waken nan mai citta, yaya kike yin sa? Ya ce ko a mafarki yana ganinsa."

Maman 'Yan Biyu ta jawo kujera ta zauna.

"Ke kuma me kike zuba wa naki mijin a kula?"

"Abin da ya saba dai. Soyayyen dankali da ƙwai, taliya da mai, wani lokacin burodi da nama. Sai lemon kwalba biyu. Kuma kullum tas take dawowa, ai maigidanki ne yake..."

Sai ta dubi takardar da ke manne a bangon kicin, wadda ake hangowa daga inda suke zaune, ta dubi fuskar matar gidan. Biron ya faɗi daga hannunta.

"Innalillahi. Yaya, wallahi maigidanki cewa ya yi kin san suna musayar kula. Cewa ya yi likita ta sallame shi, ke ce dai kika ƙi daina dafa na marasa lafiya."

"Ɗauki bironki," in ji Maman 'Yan Biyu. "Rubuta. Wake kofi ɗaya, a jiƙa tun dare."

Ta karanta mata girkin daga farko har ƙarshe. Ai matar ba ta yi mata laifin komai ba. Da maigidan ya dawo ya miƙo kula, ta karɓa ta ce, "Yaya na yau?" Ya ce, "Ya yi, sai dai kifin ya ɗan bushe." Ta dube shi, wannan dattijo mai furfura a gemu da ke haddace ra'ayin wani ƙato ya kawo mata gida kamar ɗan makaranta, ta ce, "To, za a gyara."

Washegari ta cika kula kamar kullum. Ƙarfe ɗaya na rana ta yafa mayafi ta bi bayansa.

Tun daga bakin layin ta hango su a kan benci ɗaya, tsakanin tarin takalma da injin yankan makulli. Mai makulli ya buɗe shuɗiyar kularta a kan cinya, yana ci a hankali, yana lumshe ido, da ladabi kamar mai cin abincin surukai. Gwarzon nata kuwa, mai ƙarfin zuciyar layi, ya ɗora ƙafar mai bandeji a kan kwali, hannunsa dumu-dumu da mai har wuyan hannu, kwalbar lemo a tsakanin gwiwoyi, yana ba wani mai jiran takalmi shawara a kan yadda ake zama da ciwo. "Sirrin shi ne kar ka sa abin a ranka," yake cewa, da dankali cike da baki.

Ba ta yi masa magana ba. Mai makulli ta gaisar.

"Sannu da aiki. Cittar ta yi, ko a ƙara?"

Bawan Allah ya miƙe tsaye da cokali a hannu, ya rasa inda zai ajiye kular. "Ta yi, Maman 'Yan Biyu. Wallahi ta yi. Allah ya saka da alheri."

"Amin. Ci abinka. Kai kaɗai ne ka taɓa gode min a kansa."

Ba-Komai ya haɗiye abin da ke bakinsa da ƙyar, ya lalubo murmushin nan nasa. "Haba, Maman yara, ai ba ko..."

"Ka ƙarasa," ta ce. "Ka ƙarasa ta a gaban mutane, in kwance bandejin nan su ga ba komai ɗin da idonsu."

Bai ƙarasa ba. Ita ce ke wanke ƙafar, ta san warin da ta fara yi tun shekaranjiya, ta kuma san ranar asibiti saura kwana tara. Ba ta jira kwana taran ba. Ta tare mota a bakin titi, ta sa mai makulli ya kama shi suka sa a ciki, ko shago bai rufe ba.

Da likita ta kwance bandejin ta ga yadda yatsan ya koma, ta zare tabarau ta juyo wajen matar, za ta fara karatun da ta saba. Maman 'Yan Biyu ta ɗaga mata hannu.

"'Yata, yau ba ni ba. Ga shi nan, tambaye shi abin da ya ci da rana. Ki kalli maiƙon da ke farcensa ma ya ishe ki."

Yatsa biyu aka cire, babban da na kusa da shi. Likitar ta ce da an ƙara sati ɗaya da maganar ƙafa ake yi. Kafin a sallame su likitar ta same ta a baranda ta ba ta haƙuri, har da sunkuyar da kai. Maman 'Yan Biyu ta ce ya wuce, amma bai wuce ba. Kukan da ta yi a kicin ba ya mayuwa.

Masu dubiya suka yi ta zuwa gida, kowa da irin tasa. "Ai shi mutum ne mai tawakkali." "Ka ga ko a jikinsa." Ita dai tana zuba musu ruwa tana kallonsu. Ta so ta ce musu wannan tawakkalin da soyayyen dankali aka yi shi, amma ta bar wa cikinta. Mijinta ne, kuma duk haushin da take ji, in ta ga yadda yake satar kallon ƙafar in ya zaci ba mai ganinsa, sai tausayi ya kama ta, ta ƙara jin haushin kanta.

Ranar da baƙi suka ɗauke ƙafa ta shiga kicin. Wake ta ɗora, da albasar da ta yi laushi a ƙaramar wuta, da gasasshen kifi da lemon tsami. Ta ɗauko citta za ta kankare, hannunta ya riga ya saba. Sai ta tsaya ta dube ta. Wata huɗu tana gyara girkinta daidai da harshen mijin wata. Ta mayar da cittar cikin kwando.

Ta kai masa faranti a falo, inda yake zaune da ƙafa a kan matashi, ta zauna a gabansa ta harɗe hannu. Yau ba kula, ba benci, ba maƙwabci.

Ya ɗebi cokali ɗaya da fuskar mai shan magani. Ya tauna. Ya ɗan dakata, ya sake ɗiba, wannan karon da kifi. Ya ɗago kai a hankali.

"Yau kika fara yin sa haka?"

"A'a."

"Tun yaushe?"

"Satin farko ne kawai bai ciwu ba. Kai sau nawa ka ɗanɗana?"

Ya sunkuyar da kai. "Ranar farko."

"Cokali nawa?"

"Ɗaya."

Ya dubi farantin, ya dubi ƙafarsa, inda bandeji ya lotsa a gurbin yatsu biyu. Leɓensa ya motsa. Ta zuba masa ido tana jiran kalmar nan, ta riga ta shirya amsar da za ta watsa masa. Kalmar ba ta zo ba. Idonsa ne ya cika da ruwa.

Ta matsar masa da farantin kusa. "Ci tun bai huce ba," ta ce. "Akwai saura a tukunya."